Daga filin jirgi zuwa masauki da manyan akwatuna: jirgin ƙasa ko tasi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tafi Landan karatu, kuma wannan ce fitata ta farko zuwa birni irin wannan. Jirginmu zai sauka a filin jirgin saman Heathrow da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, ranar aiki. Ina da manyan akwatuna biyu, kowanne kilo 23, da ƙaramin akwati mai taya na cikin jirgi, da jakar goyo. Masaukina yana kusa da tashar Russell Square. Wata ƙawata ta ce in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa kawai, tunda layi ɗaya ne babu canji. Wasu kuma sun ce in ɗauki tasi ko nawa ne. Ni kaɗai ce, babu mai tarbata. Wanne ya fi? Kuma me ya kamata in riƙe idan tafiya ta kai ni wasu biranen?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya kai ki lafiya, ya sa wa karatun albarka.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Layin Piccadilly yana tashi daga Heathrow, ya ratsa tsakiyar Landan, ya tsaya a Russell Square, ba sai an canja jirgi ba. Sai dai ita tana lissafin mutumin da ya rataya jaka ɗaya ne, ke kuwa kaya huɗu gare ki. Shawarata ita ce ki raba tafiyar gida biyu. Doguwar hanyar ki yi ta a jirgin ƙasa, ki sauka a babbar tashar da ke da lif tun daga bakin jirgi har titi, sannan tasi ya ƙarasa da ke ƙofar masauki. Kuma kada ki shiga jirgin kafin ƙarfe tara da rabi. Zan ɗan tsawaita a kan dalili, domin dalilin ne zai yi miki aiki a kowane birni, ba Landan kaɗai ba.

Na daɗe ina tarbar ɗalibai da baƙi a filayen jiragen sama, kuma kusan kowa hankalinsa yana kan jirgin ne: minti nawa yake yi, nawa ake biya. Alhali jirgin ba shi ke gajiyar da mai kaya ba. Da zarar kin shiga kin jingine akwatunanki, ko awa guda za a yi, a zaune kike. Wahalar tana wuraren da ƙafarki da hannunki ne ke aiki: daga wurin karɓar kaya zuwa tasha, ƙofar da ake ɗora katin biyan kuɗin jirgi, tazarar da ke tsakanin dandamali da ƙofar jirgi, wurin canja layi, matakalar fita, sai 'yar tafiyar ƙarshe daga tasha zuwa gida. Taswira za ta nuna miki miƙaƙƙen layi mai launi, ba za ta ƙirga miki matakala ba.

Saboda haka ki yi wani gwaji tun kina gida. Ki haɗa kayan yadda za ki tafi da su, ki ga ko za ki iya hawa bene ɗaya da su duka a tashi guda, ba tare da kin ajiye wani kin dawo ɗauka ba. Wanda ya iya wannan, kowace tasha tasa ce. Ke kuwa kilo 46 ne a manyan akwatunan kaɗai, idan aka ɗora ƙaramin da jakar goyo kin haura 55. Ba za ki iya ba, kuma ba raggwanci ba ne, ƙato ma ba zai iya ba, don hannu biyu gare shi. Na ce a tashi guda ne saboda hawa da akwati ɗaya a bar ɗaya a ƙasa shi ne abin da ba a yi a tashar babban birni. Ko dai a yi awon gaba da wanda aka bari, ko ma'aikata su ɗauke shi kayan da ba shi da mai shi, wanda a irin waɗannan wurare batu ne na tsaro da kan sa a rufe tasha. Hukumar sufurin Landan, wato TfL, ta rubuta a sharuɗɗanta cewa kayan da fasinja zai shiga da su su ne waɗanda zai iya ɗauka da kansa, har a kan matakala. Babu 'yan dako a tashoshin. Sau da yawa wani mai kirki yakan kama miki hannun akwati, amma ba a gina shirin tafiya a kan sa ran haɗuwa da mai kirki.

To, tunda ba za ki iya hawa matakala ba, dole hanyarki ta zama marar matakala daga farko har ƙarshe. A nan ne Russell Square ta faɗi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shi ne mafi tsufa a duniya, ya fara aiki a 1863. Layin Piccadilly da tashar Russell Square an buɗe su a 1906, sai a 1977 aka ja layin zuwa Heathrow. Waɗanda suka haƙa waɗannan ramuka ba su yi su don mai jan akwati daga filin jirgin sama ba, domin a lokacin babu irin wannan fasinjan. Har yanzu cikin tashoshi 272, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake iya shiga a fita ba tare da taka matakala ba. Russell Square tana da lif, gaskiya ne, amma lif ɗin ba ya sauka har dandamali. Sai kin hau 'yan matakala kafin ki kai gare shi. Akwai kuma wata murɗaɗɗiyar matakala mai hawa kusan 175 wadda baƙi kan faɗa cikinta don gudun jiran lif, su yi da-na-sani a tsakiya. Ki riƙe wannan da kyau: a ce tasha tana da lif daban, a ce babu matakala ko ɗaya daban. A taswirar TfL ki nemi alamar keken guragu a jikin sunan tasha. Shuɗiya tana nufin babu matakala daga titi har cikin jirgi. Fara tana nufin daga titi zuwa dandamali, amma za a ɗan ɗaga ƙafa wajen shiga. Tashar da ba ta da ko ɗaya, ki ɗauka ba taki ba ce ranar da kike da kaya. Manhajar hukumar, TfL Go, tana da wurin da za ki zaɓi a nuna miki hanyoyi marasa matakala kawai, kuma tana sanar da lif ɗin da ya lalace a ranar.

Jirage uku ne ke fita daga Heathrow, mai nisan kusan kilomita 24 daga tsakiyar gari. Piccadilly shi ne mafi araha kuma mafi nawa, yana cin kusan awa ɗaya, yana tsayawa a tashoshi da yawa. Taragunsa ƙanana ne masu gajeren rufi, domin ramin da yake bi matsattse ne, amma an bar ɗan fili a gefen ƙofofi don akwatuna. Idan shi kika zaɓa, kada ki sauka a Russell Square. Ki ƙara tasha ɗaya gaba zuwa King's Cross St Pancras, inda ake fita da lif har titi, ko da yake za ki hau fiye da ɗaya, kuma akwai layin tasi a waje. Daga nan zuwa unguwarki kusan kilomita ɗaya ne, kuɗin motar ba zai yi nauyi ba. Heathrow Express shi ne mafi sauri da tsada: minti 15 daga tashar da ke tsakiyar filin jirgin zuwa babbar tashar Paddington da ke cikin gari, da kantocin ajiye kaya a ciki. Na ukun shi ne layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. Kuɗinsa yana tsakanin na waɗancan biyun, yana kai wa Paddington cikin kusan rabin awa, taragunsa manya ne a buɗe suke da juna, kuma a Heathrow da tashoshin tsakiyar gari daɓen jirgin daidai yake da dandamali, sai dai ki tura akwati ya shige.

Da ni ne a matsayinki, Elizabeth zan hau zuwa Paddington, in bi alamar tasi, in shiga mota. Akwai 'yar tafiya a cikin tashar kafin a kai layin tasin, amma a shimfiɗaɗɗen daɓe ne da lif. Idan kuma aljihu ya matsa, Piccadilly zuwa King's Cross hanya ce mai kyau, ba abin kunya ba ce, haƙuri kawai take so. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: a Heathrow, Elizabeth da Heathrow Express dandamali ɗaya suke tsayawa. Wanda ya ga jirgi ya faɗa kawai yana iya tsintar kansa a mai tsadar. Ki karanta allo, ki saurari sanarwa, ki tambayi ma'aikaci. Matambayi ba ya ɓata.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya kai batun tasha muhimmanci. Jirgin da ya sauka shida da rabi, kafin a fito, a bi layin jami'an shige da fice, a jira kaya, ƙarfe takwas ta yi ko ta kusa. Wannan shi ne daidai lokacin da garin ke tururuwa zuwa aiki. A Heathrow za ki samu wuri, don nan ne mafarin layi, sai ki ɗauka lafiya lau ne. Amma kowace tasha sai an ƙaru, kafin a kai tsakiyar gari mutane sun yi danƙam tsakaninki da ƙofa, ga akwatuna uku, ga jirgin ba ya daɗewa a tsaye. A nan ne ake wuce tasha, ko a fitar da akwati ɗaya ƙofa ta rufe da ɗaya. Maganin mai sauƙi ne: ki zauna a filin jirgin. Ki wanke fuska, ki huta, ki sa wa wayarki caji, ki sanar da gida kin sauka, ki tashi bayan tara da rabi. Jiran ba zai rage miki kuɗin jirgi ba, domin tun 2022 tafiya tsakanin Heathrow da tsakiyar gari a Piccadilly kuɗin lokacin cunkoso ake caja ko da yaushe. Sarari zai sama miki. Ban da haka, yawancin masaukai ba sa ba da ɗaki sai da rana, don haka ki tambaye su tun yanzu ƙarfe nawa za su karɓe ki, kada ki yi sauri ki je ki zauna a bakin ƙofa. Da yamma kuma cunkoson yana dawowa daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai.

Wajen biya, hanya mafi sauƙi ita ce katin banki irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura, ko waya mai ɗauke da shi. Amma katin wata ƙasa yana iya ƙin aiki, ko bankinki ya riƙa cirar ladan canji a kowace ɗorawa. Don haka ya fi kwanciyar hankali ki sayi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, a tashar filin jirgin, ki zuba masa kuɗi. Katin da kika ɗora wajen shiga shi za ki ɗora wajen fita. Idan kika shiga da kati kika fita da waya, ko da asusu ɗaya ne, na'ura za ta ɗauke su tafiya biyu da ba a kammala ba, ta caji mafi tsadar kuɗi a kowacce. Kada kuma ki ɗora walat gaba ɗaya da katuna da yawa a ciki. Ki ciro ɗaya, ki sa shi a aljihun gaba inda hannu zai kai ba tare da kin sauke jakar goyo ba. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kuma ba na ba ki shawarar hawansa da waɗannan kayan: filin da ke tsakiyarsa na masu keken guragu ne da farko, idan suka zo dole ki ba su wuri.

Yanzu yadda ake sarrafa kayan kansu, wanda shi ne ba a cika koya wa mutum ba. Amalanken da kika ɗora kaya a filin jirgin ba ya kai ki har jirgi, akwai shingen da za ki bar shi. Daga nan hannuwanki ne. Kafin ki bar shi, ki mayar da kaya huɗu su zama biyu: jakar goyo a baya, ƙaramin akwati a kwance a kan ɗaya daga cikin manyan, a ɗaure shi da maɗauri a jikin sandar ja. Ki sayi maɗaurin tun kafin tafiya, ki gwada ɗaurin a gida, don idan ya yi sako-sako zai riƙa zamewa yana juya miki akwati. Wajen shirya kaya kuma, masu nauyi irin littattafai da takalma su kasance a ƙasa wajen tayoyi. Akwatin da nauyinsa ke sama kullum neman kifewa yake.

A ƙofar kati, kada ki bi ƙananan ƙofofi. Suna rufewa da sauri, sukan kama akwatin da ke biye da mutum. Kowace tasha tana da ƙofa mai faɗi a gefe, yawanci da ma'aikaci a kusa, kuma tana jinkirin rufewa. Ki tura akwati ɗaya gaba, ki ja ɗaya a baya. Matakala mai tafiya da kanta kuwa, da manyan akwatuna biyu kada ki kusance ta, ko da lif yana da layi. Tana buƙatar hannu ɗaya a kan madafa, ke kuma ba ki da hannun da ya rage, kuma akwati mai kilo 23 da ya kuɓuce daga sama yana iya karya wanda ke ƙasa. Ranar da kike da akwati ɗaya, ki ɗora shi sosai a kan hawa ɗaya, jikinki ya kasance ta ƙasansa, ki tsaya a dama, don hagu ta masu sauri ce.

A dandamali ki matsa can gefe, nesa da inda mutane ke ɓullowa, taragun ƙarshe sun fi sarari. Ki bari masu fita su gama fita. Idan akwai tazara tsakanin jirgi da dandamali, ki ɗaga akwatin ki tsallakar, kada ki tura, don ƙaramar taya tana faɗawa ramin ta maƙale. A ciki, akwati mai taya huɗu ba ya tsayawa wuri ɗaya, da jirgi ya ja ko ya taka birki sai ya kama hanya. Ki matse shi a kusurwa da ƙafarki, ko ki kwantar da shi ta gefen da babu taya. Kada ki tare ƙofa, kada ki ɗora kaya a kan kujera, ki sauke jakar goyo ki riƙe a gaba idan an cika. Tasha ɗaya kafin taki ki miƙe, ki ja sandunan akwatunan, ki juya su su fuskanci ƙofa.

Game da 'yan sane, ba na so in tsorata ki, don dubban mutane suna yin wannan tafiya kullum lafiya. Amma ki san abin da suke nema. Ba babban akwati ba ne, ya yi musu nauyi. Abin da suke so shi ne waya, walat da fasfo, a daidai lokacin da hannuwanki biyu suka shagala, wato wajen shiga jirgi, wajen ƙofar kati, da cikin lif idan ya cika. Fasfo, takardun makaranta, kuɗi da katuna su kasance a 'yar jaka mai zif a jikinki ta gaba, ƙarƙashin rigar sanyi. Kada ki tsaya a tsakiyar hanya kina duba taswira a waya. Ki jingina da bango, kayan a gabanki, sannan ki duba. Ya fi ma ki rubuta hanyar a takarda: sunan layi, tashar sauka, adireshin masauki da lambar unguwarsa, da lambar wayarsu. A cikin rami waya takan rasa sabis, caji kuma yakan ƙare bayan doguwar tafiya. Idan kika manta wani abu a jirgi, ki gaya wa ma'aikacin tasha nan take. Hukumar tana da ofishin ɓatattun kaya tun 1933, kuma ana samun abubuwa da dama.

Masu cewa ki ɗauki tasi tun daga filin jirgin ba su yi wauta ba, akwai lokacin da nasu ne daidai. Idan kina da yaro a hannu, ko ciwon baya, ko ciki, ko jirgi ya sauka cikin dare, ko ku uku ne za ku raba kuɗin, to mota daga ƙofa zuwa ƙofa ta fi. Haka idan kika sauka kika ji jikinki ba zai iya ba, kada ki ja da shi don an riga an tsara. Illar tasi biyu ce: kuɗinsa ya ninka na jirgi sau da yawa, kuma da safe cunkoson titi yana iya sa ya fi jirgin daɗewa, mita kuwa tana ta ƙirga. Idan za ki hau, ki bi alama zuwa layin baƙaƙen tasi na hukuma, waɗanda ke da mita kuma suna karɓar kati, ko ki yi odar mota daga kamfani mai lasisi. Duk wanda ya tare ki a zauren fitowa yana cewa zai kai ki da araha, ki wuce shi. A Landan neman fasinja ta wannan hanya laifi ne, kuma a kusan kowane babban filin jirgi irin waɗannan ne ke cutar baƙi.

A sauran birane gwajin benen nan bai canja ba, sai dai ki ƙara bincika abu uku kafin ki tashi: ko akwai iyakar kayan da aka yarda a shiga da su, wane layi ne sabo, da kuma ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi.

Batun iyaka shi ne ke ba mutane mamaki, don suna ɗauka abin da jirgin sama ya karɓa kowa zai karɓa. A Dubai, inda layin jirgin ƙasa da ake kira Red Line ke tsayawa a ginin fasinjoji na 1 da na 3 na filin jirgin, kaya biyu kawai aka yarda da su: babba da bai wuce santimita 81 da 58 da 30 ba, da ƙarami ɗaya. Da kayanki na yanzu ba ki cika sharaɗin ba. Jirgin ƙasa na Haramain da ke tashi daga filin jirgin Jidda zuwa Makka da Madina ya yarda da akwati ɗaya mai kilo 25 da jakar hannu, kuma awonsa ya fi na jirgin sama ƙanƙanta. A Hong Kong jimillar tsawo da faɗi da kauri ba za ta wuce santimita 170 ba, don haka akwatin da ya bi ƙa'idar 158 ta yawancin kamfanonin jiragen sama zai shige. A Japan, tun 2020, akwatin da jimillarsa ta haura 160 sai an kama masa wuri na musamman a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen da ke tsakanin Tokyo da Osaka. A Delhi da Beijing kuwa kowace jaka sai ta bi ta na'urar bincike a bakin tasha, wato ƙarin ɗagawa da saukewa.

Batun sabon layi kuma ƙa'ida ce da ba ta cika saɓawa ba: gwargwadon sabuntar layi, gwargwadon sauƙinsa ga mai kaya, domin an gina shi ne a zamanin da doka ke tilasta a yi wa masu keken guragu hanya, kuma duk inda keken guragu ya bi akwati zai bi. A Faris, babban birnin Faransa, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara a 1900 kuma yawancin tashoshinsa matakala ce zalla, amma layi na 14 yana da lif a ko'ina, kuma tun 2024 yana kai wa filin jirgin Orly. Daga filin jirgin Charles de Gaulle kuwa jirgin ƙasa na RER B ne ke shiga gari. Wahalar tana farawa ne idan aka sauka aka ce za a canja zuwa tsofaffin layuka, musamman a tashar Châtelet mai dogayen lunguna. Can ma tsarin raba tafiya biyu yana aiki, kuma tun 2016 tasi daga filayen jirgin zuwa cikin birnin ƙayyadajjen kuɗi ne. A New York, daga filin jirgin JFK jirgin AirTrain zai kai ki tashar Jamaica, kuma mai kaya ya fi dacewa ya hau babban jirgin ƙasa na LIRR daga nan maimakon na ƙarƙashin ƙasa, mai ƙofofin ƙarfe masu juyawa da ke maƙale akwati. A Istanbul layin M11 da aka buɗe a 2023 sabo ne fes, amma akwai doguwar tafiya a ƙafa kafin a kai shi da kuma wajen canji, shi ya sa mai kaya da yawa kan fi jin daɗin bas ɗin Havaist, wanda ake zuba kaya a cikinsa ta ƙasa. Irin wannan bas na filin jirgi, a kowane gari, ki riƙa sa shi a lissafi. Direba ko yaron mota ya sa kaya, ki zauna, babu matakala ko ɗaya.

Japan tana da abin da nake fatan sauran ƙasashe su kwaikwaya. A filayen Narita da Haneda akwai kantunan kamfanonin aike, irin Yamato, inda za ki miƙa babban akwati su kai miki masauki a ranar ko washegari, ke kuma ki shiga gari da jakar goyo. Wanda ya taɓa ganin cunkoson tashar Shinjuku ta Tokyo da safe zai gane dalilin da ya sa 'yan ƙasar kansu suke yin haka. Sai dai jiragen Tokyo suna tsayawa da wajen tsakar dare, saɓanin na New York da ke kwana yana aiki. A Landan layin Piccadilly yana kwana yana aiki ne daren Juma'a da na Asabar kawai, sauran darare sai bas mai lamba N9.

Ranar komawa kuma ki lura da abu biyu a Piccadilly. Layin yana rabuwa a tashar Acton Town, reshe ɗaya ya nufi Uxbridge, don haka ki tabbata an rubuta Heathrow a goshin jirgin. Su kansu masu zuwa Heathrow iri biyu ne, wani yana bi ta tashar ginin fasinjoji (Terminal) na 4, wani yana ƙarewa a ta na 5, duka biyun kuma suna tsayawa a ta na 2 da 3. Ki duba tikitinki ki san daga wacce za ki tashi. A ƙarshen mako akan rufe wani sashe na layi don gyara, wani lokacin kuma ma'aikata kan shiga yajin aiki, saboda haka ki buɗe manhajar da daddare kafin tafiya, ki sake buɗewa da safe, kuma ki ƙara wa lissafinki aƙalla rabin awa saboda jiran lif da jan kaya.